Ranar da Dakata Bai Ƙirga Goma Ba

A layin masu gyara, shago na uku daga bakin titi, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da caja, akwai wani mutum da kowa ya manta sunansa na gaskiya. Dakata ake ce masa, masu ladabi su ce Malam Dakata, kuma shi ya jawo wa kansa. Ka miƙa hannu za ka taɓa wani abu a teburinsa, ko ka buɗe baki za ka tambayi yaushe za a gama, amsar ɗaya ce: "Dakata tukuna." Shekara talatin yana faɗin haka. In ya yi atishawa, maƙwabcinsa Mai Agogo yakan leƙo ya ce ita kam ta yi sa'a da aka bar ta ta fito.

Da rediyo ya fara tun yana saurayi, ya koma kaset, da kaset ta mutu ya bi waya. Shagon ba ya ɗaukar mutum uku a tsaye. Tebur ɗaya ne, da fitila mai dogon wuya, da madubin ƙara girma wanda mariƙinsa ya karye aka ɗaure da zare, da ƙarfen narka dalma, da hantsaki, da gwangwanayen madara cike da ƙananan sukurori. Warin dalma ya kama rigunansa kamun da sabulu ya gaji ya ƙyale.

Canza gilashi da bakin caji kowa ya iya a layin. Abin da ake zuwa wurin Dakata dominsa shi ne ƙwaƙwalwar waya, wani ɗan baƙin abu da bai kai farce ba, manne a jikin injin, inda hotuna da lambobi da muryoyin mutane suke zaune. Wayar da sauran suka ce ta mutu, wurinsa ake kawo ta, ba don ta tashi ba, don a ciro abin da ke cikinta. Ya sha mayar wa mace hoton mijinta da ya rasu. Ya kuma sha girgiza kai ya ce aikin gama ya gama.

A unguwar wuta ba ta zama, caji abin tattali ne. Shi ya sa mutane da yawa suka saba in sun gama da waya su danna gefe, gilashi ya yi duhu, su ɓalle bayan su zare batir don kada cajin ya tsiyaye. A kan wannan ɗabi'a Dakata yake da wa'azi guda ɗaya, wanda Mai Agogo ya haddace har yakan riga shi faɗa.

"Kun ga gilashi ya yi duhu sai ku ce ta yi barci," in ji shi. "Ba ta yi ba. Matar gida in ta kashe fitila, a take take kwanciya? Sai ta rufe tukwane, ta sa sakata. Ita ma haka. Abin da ka ba ta na ƙarshe yana hannunta, ba ta kai shi ɗaki ba. Sai ta ajiye, ta rubuta a littafinta inda ta ajiye, sannan ta ce wa batir, to, rage wuta. Ka yanke mata wuta tana tsakiyar rubutu, ba abin ƙarshen kaɗai za ka rasa ba, littafin ne gaba ɗaya zai yage. Kaya suna nan cikin ɗaki, amma ba mai sanin inda aka sa komai. Ku ƙirga goma. Goma kawai, me za ta rage muku?"

Wasu su ji, wasu su ce tsoho ya fara. In suka dawo bayan wata guda da waya a mace, ba ya ce musu ai na faɗa. Kallonsu kawai yake yi ta saman tabarau, kuma wannan kallon ya fi zagi ciwo.

To amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Matarsa mai ɗinki ce. Mai Keke yake kiran ta, saboda keken ɗinkin da ta shigo gidansa da shi, wanda ya mamaye rabin falo ya bar musu rabi. Mace ce mai baki, mai dariya da ƙarfi, irin wadda in tana gida ba a buƙatar rediyo. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, 'Yar Baba, ta yi aure a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda da rabi a mota.

Wayar Mai Keke tsohuwa ce, kuma tana da ciwo: ba ta barci sosai. Gilashi zai yi duhu, amma ƙwaƙwalwar ba ta sakin wuta, tana ta zuƙa a hankali. A caja ta da safe, kafin la'asar ta mace. Dakata ya san ciwon tun ranar farko. Wani ɗan ƙaramin abu ne da ke rage wa ƙwaƙwalwa wuta ya lalace, kuma akwai irinsa a gwangwani na biyu daga hagu. Ramin katin memori ma ya karye, ba inda za a ajiye komai sai cikin ƙwaƙwalwar. Shekara uku wayar tana gidansa a haka.

"Malam, wayar nan fa."

"Zan duba miki."

"Na sani. In dakata tukuna."

Maimakon ya gyara, sai ya koya mata dabara: in ta gama, ta danna gefe, ta ƙirga goma, sannan ta zare batir. Ita kuwa ta mayar da abin wasan tsokana. Takan ɗaga wayar sama ta ƙirga da ƙarfi da muryar 'yan aji ɗaya, tana jan kowace lamba, in ta kai goma ta ce, "Malam, in cire?" Shi kuma ya haɗe fuska ya ce, "Cire, sarkin surutu." Ba ranar da ta taɓa tsallake ƙirgar nan. A duk garin ba shi da ɗalibi mai bin wa'azinsa kamar matar da ke yi masa dariya.

Ciwon ya fara ne da dishewar murya. Ta ce mura ce, ta ce ƙurar yadi ce, ta sha ruwan ɗumi wata biyu. Da suka je asibiti, likita ya sa su zauna, ya rufe ƙofa. Ƙari ne a maƙogwaro. Za a yi aiki nan da sati uku, kuma ko aikin ya yi kyau, murya ba za ta dawo ba. Dakata ya kalli takalmansa. Mai Keke ce ta yi tambaya, ta ce hannu fa, zai ci gaba da aiki? Likita ya ce zai yi. Ta ce to da sauƙi.

Ba da sauƙi ba ne, kuma ta sani. 'Yar Baba tana da cikin wata huɗu, bayan ɓari biyu, an hana ta tafiya, an hana ta tashin hankali. Suka yi shawara a motar komawa gida cewa ba za a gaya mata ba. In ta kira ta ji muryar, sai a ce sanyi ne ya kama wuya.

Washegari da safe, yana ɗaura takalmi, ya ji ta tana magana ita kaɗai a gaban keke. Ya leƙa. Wayar ce a hannunta, tana ɗaukar muryarta.

"Jikan nan ba zai san muryata ba," ta ce masa da ta gama. "Uwarsa ma za ta manta. Zan ajiye musu."

Kullum da safe ɗaya. Ta faɗi yadda ake riƙe kan jariri a wanka, da yadda ake yanka 'yar riga ba tare da wuyan ya matse ba. Ta ba da labarin mahaifiyarta da 'Yar Baba ba ta riska ba. Ta rera waƙar da take yi mata tana goye, murya na tsagewa tana ci gaba. Akwai wanda ta yi na faɗa ga surukin, kan yawan barin gida, ta saurara ta yi dariya ta ce a bar shi, ya ji.

"Kada ka tura mata sai ta sauka lafiya," ta ce. "In ta ji yanzu za ta gane. Amma ka kwashe su ka ajiye a kwamfutarka, wayar nan ban yarda da ita ba."

"Dakata tukuna," ya ce. "Ki gama duka, sai in kwashe gaba ɗaya. Aiki ɗaya ya fi ashirin."

Ta kalle shi, ta girgiza kai, ta ɗaga wayar ta fara ƙirga.

Ranar aikin suka tashi a ɗakin mata na asibiti, gado na ƙarshe kusa da taga. Soket ɗin jikin bangon ya ƙone, waya ba ta samu caji ba tun jiya. Da hantsi ta ce ya ɗan fita, akwai maganar da ba ta kunnensa ba ce. Ya tsaya a baranda yana kallon masu wanke bokiti. Ta daɗe. Da ya dawo idanunta sun yi ja, kuma a daidai lokacin nas ta turo gadon ɗaukar marasa lafiya.

"Baba, a taimaka a yi sauri, likita na jira."

Mai Keke ta danna ajiyewa, ta cusa masa wayar a hannu. Na ashirin da ɗaya ke nan. Aka ɗora ta, aka fara turawa. Ya ga alamar batir ta yi ja. Ya danna gefe, gilashi ya yi duhu. Ita kuma ta miƙo masa hannu daga kan gadon, tana kiran sa da ragowar muryar da ta rage mata, kuma gadon bai tsaya ba. Yana son hannunsa ya zama babu komai a ciki. Babban yatsansa ya ɓalle bayan wayar, ya zare batir, ya jefa su aljihu, ya ruga ya kama hannunta.

Sai da ƙofar ɗakin aiki ta rufe ya tsaya shi kaɗai, sannan ya tuna. Bai ƙirga ba. Ko ɗaya bai ce ba.

Ya zauna a benci, ya mayar da batir. Wayar ta kawo haske, tambarinta ya fito, ya tsaya, ta mutu. Ya sake. Haka dai. Da wani ne, da sai ya ce caji ne ya ƙare, ya samu abin riƙewa. Dakata bai da wannan gatan, don ya ga wannan alamar a teburinsa fiye da sau ɗari. Ya kuma san abin da ya fi ciwo: da ya bar ta ta cinye cajin ta mutu da kanta, da ta rufe tukwanenta kafin ta mutu. Awa huɗu ya yi a kan bencin nan, yana roƙon Allah ya fito masa da matarsa, yana kuma jin kunyar fitowar tata.

Ta fito da rai. Bayan kwana goma suka koma gida, da bandeji a wuya, da littafin da take rubuta awon masu ɗinki, wanda yanzu ya zama bakinta. Gidan ya yi shirun da bai taɓa yi ba. Abu na farko da ta rubuta masa, da manyan haruffanta masu karkata, shi ne: Suna nan?

"Suna nan," ya ce. Ya gaya wa kansa ba ƙarya ya yi ba, ai kaya suna cikin ɗaki.

A shago ya hura wa ƙwaƙwalwar iska mai zafi har dalmar ta saki, ya ɗaga ta da hantsaki, ya goge ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubi, ya ɗora ta a kan na'urar karantawa. Kwamfuta ta nuna masa abin da ya sani. Komai yana nan, amma a gutsure, dubban gutsattsari a warwatse, ba a san wanne ke bin wanne ba. Ya fara haɗawa. In ya haɗa ya kunna, sai ya ji shuuu kamar rediyon da ya ɓata tasha. Masu kawo gyara suka fara komawa shagon gaba, don ko ɗaga kai ba ya yi.

Mai Agogo ya zuba masa ido sati uku, sannan ya jawo kujerarsa ya zauna a bakin ƙofa.

"Wayar wa ce wannan da ta hana ka cin abinci?"

Ya gaya masa. Mai Agogo, wanda bai taɓa barin damar tsokana ta wuce shi ba, wannan karon tabarau kawai ya cire ya goge.

"Ka faɗa mata, ɗan'uwa."

"Da wane bakin?"

"Da wanda ka yi shekara talatin kana yi mana wa'azi da shi. Ita ta rasa nata, kai kana da naka."

Ya gaya mata da yamma, tana ɗinke maɓalli da hannu, don taka keke ya fara yi mata wuya. Ya durƙusa a gabanta kamar mai neman aure, ya faɗi komai, bai rage ba. Ta ajiye allura. Ta jawo littafi ta rubuta, ta juyo masa da shi: Nawa ka ƙirga?

"Ban ƙirga ba."

Sai kafaɗunta suka fara girgiza. Dariya take yi, dariyar da ba ta da sauti, tana nuna shi da yatsa, tana dafe wuya don zafi. Ta ɗaga yatsunta goma a gaban fuskarsa ta lanƙwashe su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta kai na ƙarshe dariyar ta juye, hawaye suka sauko, ta kifa kanta a kafaɗarsa. Da ta zage shi da ya fi samun sauƙi. Ya yi kuka kamar yaro, shi da ko ranar da aka binne mahaifinsa bai bari an ga hawayensa ba.

Daga ranar ta fara rubuta abin da ta tuna a bayan littafin awo. Amma ita mai magana ce, ba mai rubutu ba. Abin da take faɗa cikin minti biyar tana dariya, sai ya ci mata yini a takarda, ya fito a bushe. Waƙar kuwa ta rubuta kalmominta, ta kalle su, ta ja layi a kai. Ta cika shafi goma sha ɗaya kafin ciwon ya dawo ta inda likita bai zata ba. Rai ya yi halinsa saura kwana tara 'Yar Baba ta haihu.

Dakata ya koma shago bayan sati biyu, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Bai karɓi aikin kowa ba. Ya ci gaba da haɗa gutsattsari, ba don yana sa rai ba, don bai san me zai yi da hannunsa ba. Wata rana da azahar, ana ta hayaniyar masu saye a layi, ya haɗa wasu da suka zo a jere, ya kunna, ya miƙa hannu zai kashe kamar kullum. Hannun ya tsaya a sama. Mai Agogo ya shigo da gudu, don shi ma ya ji, kuma ya san muryar.

Daƙiƙa arba'in ne. Ya ƙara wata guda yana nema, bai sake samun ko kalma ɗaya ba.

Da 'Yar Baba ta aiko cewa tana tafe da jaririya, ya ɗauko gawar wayar daga aljihun tebur. Ya sa mata sabuwar ƙwaƙwalwa, ya zuba daƙiƙa arba'in ɗin a ciki. Sannan ya jawo gwangwani na biyu daga hagu, ya zaro ɗan abin nan da ke rage wuta, ya cire lalataccen ya manna sabo. Mai Agogo yana tsaye a ƙofa, ya kalli agogon hannunsa, ya kawar da kai.

"Faɗa mini," in ji Dakata.

"Bar shi."

"Na ce ka faɗa mini."

"Minti goma sha tara."

Yanzu wayar tana barci lafiya lau. Caji ɗaya yana kai ta kwana huɗu.

'Yar Baba ba ta tsaya a gida ba, shago ta same shi, da jaririya a kafaɗa. Ya ba ta kujerarsa, shi ya zauna a kan akwatin kayan aiki. Ya miƙa mata littafin awo, ya gaya mata uwarta ta ɗaukar mata saƙon murya guda ashirin da ɗaya, ya gaya mata abin da ya yi da su. Ta saurara har ƙarshe tana jijjiga 'yar.

"Baba, ba abin da ya rage? Ko kaɗan?"

Ya ɗora wayar a kan tebur, ya danna.

Ƙarar takun keke ce ta fara fitowa, ta tsaya. Sai muryar, a dishe amma tata ce, ba ta kowa ba: "…to shi ke nan na yau, 'Yar Baba, sai gobe." Aka ji ɗan ƙas. A ranar ashe ta danna gefe ne ba ta tsayar da ɗauka ba, gilashi ya yi duhu, waya na ci gaba da ji. "Ɗaaya. Biiyu. Ukuu." Tana ja, tana kwaikwayon 'yan aji ɗaya. A bakwai dariya ta ƙwace mata, ta yi tari, ta ci gaba. 'Yar Baba ta toshe bakinta da gefen mayafi. Jaririyar ta buɗe ido ta juya kai wajen tebur.

"Takwas. Tara. Goma. Malam! Na cika goma. In cire?"

"Dakata tukuna," in ji shi, da ƙarfi, yana miƙa hannu wajen wayar.

Amma daƙiƙa arba'in ɗin sun ƙare.